Yatsan Hagun Malam Sabi'u

Shekara tara ke nan cif da rasuwar Malam Sabi'u, abokina tun muna samari a Funtuwa. Tare muka zo Makka karatu, muka kama ɗaki ɗaya a unguwar Ka'akiyya, muka zauna a ciki shekara shida kafin ya yi aure ya bar ni da tukunyar da ba ta taɓa wankuwa ba. Duk lokacin da watan Safar ya kama, tsofaffin ɗalibansa kan aiko mini su ce in rubuta wani abu a kansa, ni kuwa in ce mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, in rufe zancen. Wannan kowa ya sani. Bana na ga gara in faɗi abin da ni na yi masa, don shi ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma shekaru sun fara ja.

Ni fiƙihu na karanta, shi kuma aƙida. Da ya kai matakin digiri na uku sai aka ba shi aikin bincike a kan malaman falsafar Turai na wajen shekara ɗari huɗu da suka wuce, waɗanda suka yi ta kai-komo a kan alaƙar rai da jiki. Al'adar irin wannan aiki a nan sananniya ce: ka kawo maganar mutum, ka warware ta, ka rufe babin da raddi, wato martanin da ke rushe ta. Abin da malamin da ke duba aikinsa yake jira ke nan, kuma ɗalibai da yawa sun gama irinsa cikin shekara uku sun koma gida. Sabi'u ya shiga da niyyar raddi, sai ya zauna hira da mutanen. A fassarar Larabci yake karanta su, da bai gamsu da fassarar ba ya fara koyon Faransanci wurin wani tela ɗan Maraɗi da ke ƙasan gidanmu. Telan nan ya koya masa yadda ake ciniki da yadda ake zagi, sauran kuma ya ce ya nemi ƙamus.

Sunayensu ba su taɓa zama a kaina ba, shi ma ya gaji da gyara mini, sai ya raɗa wa kowannensu suna. Babbansu wani Bafaranshe ne da yake kira Malam Kokwanto, wanda ya zauna ya yi shakkar komai, har hannayensa da wutar da yake ji, bai tsaya ba sai da ya ga cewa mai yin shakkar dai dole yana nan. Daga nan ya raba mutum biyu: rai, wanda aikinsa tunani kuma ba ya cin wuri, da jiki, wanda ke da tsawo da faɗi kuma yana aiki kamar inji. Akwai Fada, wani limamin Kirista da ya ce ba ranka ne ke ɗaga hannunka ba, kai dai ka yi nufi, Allah ya ɗaga. Wannan kuwa, Sabi'u yakan ce ɗan gida ne da ya ɓata hanya, don malamanmu na tauhidi sun faɗi kusa da haka tun kafin a haifi kakansa. Akwai Mai Agogo, da ya ce rai da jiki agogo biyu ne da aka saita tare tun farko, suna bugawa lokaci guda ba tare da ɗaya ya taɓa ɗaya ba. Akwai kuma Mai Tabarau, wanda sana'arsa goge gilashi, shi kuma ya ce abu ɗaya ne ake kallo ta fuska biyu.

Amma wadda ya fi girmamawa a cikinsu ba ta rubuta littafi ba. Wata gimbiya ce da ta aika wa Malam Kokwanto wasiƙa tana tambayarsa, cikin ladabi, yaya abin da ba ya cin wuri zai tura abin da ke cin wuri. Sabi'u ya ce mutumin ya riga ya rubuta cewa wani ɗan ƙululu ne a tsakiyar ƙwaƙwalwa ke haɗa su, Gimbiya kuwa ba ta ga yadda ƙululu ya warware komai ba. Da ta matsa masa sai ya sauko, ya amsa cewa haɗuwar rai da jiki ba a gane ta da zurfafa tunani, a zaman yau da kullum da hira da mutane ake saninta. Sabi'u yana ganin a nan ne kaɗai mutumin ya faɗi gaskiya ba tare da ado ba.

Ni duk wannan ɓata lokaci na ɗauke shi, kuma ban ɓoye ba. Nakan ce masa aya ta riga ta rufe zancen ruhi, an gaya mana ilmin da aka ba mu kaɗan ne, to mene ne na bin Turawa suna laluben duhu. Shi kuma ya ce ai shi ya sa yake son su, yana so ya ga daidai inda kaɗan ɗin ya ƙare. Yakan kira ni Alƙali, wai ni ko gaisuwa aka yi mini sai na duba ingancinta. Ni kuma in kira shi Failasufi. Matarsa Maryama, haifaffiyar unguwar Rusaifa ce a nan Makka, jikar alhazan da suka zo da ƙafa suka zauna, ita ce ta fi ni haƙurin sauraronsa. Tana girki yana karanta mata babi, in ya gama ta ce Gimbiya ce kawai ta san abin da take yi.

Duk shekara idan aikin Hajji ya zo, mu biyun mukan yi tafinta ga alhazai a Arfa da Mina, kamar yadda ɗalibai da yawa ke yi. Namu Hajjin mun sauke tun shekararmu ta farko. Wanda ya rage wa Sabi'u shi ne na mahaifiyarsa, Inna Dije, wadda ta rasu a gida ba ta taɓa zuwa ba, kuma ya yi mata alkawari tana raye cewa zai tsaya mata. Shekara goma sha ɗaya yana tsayawa a filin Arfa tun safe har faɗuwar rana, sanye da rigar aiki, yana nuna wa tsofaffi tantinsu, kowace shekara yana cewa baɗi. Abin yana cin sa. Yakan ce jikinsa ya fi na kowa zuwa Arfa, amma babu niyya ko ɗaya a ciki da za a rubuta wa Inna.

A shekara ta goma sha biyu ya ajiye aikin, ya nemi takardar izini ya samu. Bisa abin da muka taso a kai a mazhabarmu ta gida, cewa an so mazaunin Makka ya yi harama da ganin watan Zulhajji, ya yi wanka ya ɗaura harami ran ɗaya ga wata, ya yi niyya da sunan Inna Dije. Ran uku ga wata da hantsi ya faɗi a ƙofar gidansa. Hawan jini ne ya buge shi. Da na isa asibiti na tarar da shi kwance, ɓarin dama ya shanye, baki a karkace, idanu rabi a buɗe ba sa bin kowa. Likita ya ce sai an jira a gani.

Kwana biyar ina zuwa safe da yamma. In shiga ɗakin in yi wa ma'aikacin jinya sallama, in gaida Maryama, in tambaye ta ya mai jiki, kamar yadda kowa ke yi a gida. In ta amsa sai in tsaya ta wajen ƙafafunsa in yi addu'a, in fita waje in ci gaba da buga waya. Ban ga aibu a cikin haka ba. Raina ya ɓaci ƙwarai da ganin sa a wannan hali, amma a zuciyata na riga na yanke cewa abokina ba ya wurin, gangar jikinsa ce muke gadi.

Ran takwas ga wata da la'asar aka zo da takarda. Akwai tsarin da ake kai alhazai marasa lafiya Arfa a motocin asibiti, kowa da mai jinyarsa, kuma likita ya ce halin Sabi'u ya daidaita yadda za a iya kai shi, amma akwai haɗari, sai iyali sun sa hannu. Wan Maryama, Ustaz Bakur, mai limanci a wani ƙaramin masallaci a Rusaifa, ya ce sam. A mazhabar da ya karanta, wadda mutanen nan suka fi bi, tsayuwar wanda ya suma ba ta inganta, saboda haka za a wahalar da mutum a zafin rana ne a banza, wataƙila ma a dawo da gawa. Ni kuwa nan da nan alƙalancin ya motsa. Na ce a wurinmu in dai mutum ya yi harama da hankalinsa, suman da ya zo daga baya ba ya ɓata tsayuwa. Na kawo littafi, ya kawo littafi. Shi yana gefen dama na gadon, ni ina hagu, muna miƙa wa juna hujja ta saman ƙirjin Sabi'u. Ina tuna kalmomin da na faɗa sarai, don daga baya an maimaita mini su.

Na ce, "Ustaz, niyya ta riga ta wuce tun ran ɗaya ga wata. Yanzu jikin kawai ake buƙata a kai."

Bakur ba mugun mutum ba ne, mijin ƙanwarsa yake tsoron a kashe. Ni ma ba mugunta ce ta sa ni ba, na san abin da alkawarin nan yake a wurin Sabi'u, kuma na san in bana ta wuce babu wata baɗi. Mun fi rabin awa a haka. Maryama tana zaune a kujera da tsohon ciki, takardar na kan cinyarta. Da muryoyinmu suka fara tashi sai ta miƙe.

Ta ce, "Halas, ya isa. Yaya Bakur, ka tambayi littafinka. Malam Tukur, kai ma ka tambayi naka. Wa ya tambayi mai Hajjin?"

Ta zagayo ta gefena, na matsa mata. Ta sunkuya daidai kunnensa ta yi masa cikakkiyar sallama, ta ce masa sannu, ta gaya masa yau takwas ga wata, gobe Arfa. Ta gaya masa abin da likita ya ce game da haɗarin, ba ta rage komai ba. Sannan ta ɗora hannunsa na hagu a tafinta, ta ce in yana so a kai shi ya tsaya wa Inna, ya ɗaga yatsa. Muka yi tsaye. An daɗe, har na fara jin tausayinta, ina shirya abin da zan faɗa in rarrashe ta. Sai manuniyar ta ɗaga, kaɗan, kamar ta mai tahiya, ta koma.

Bakur ya ce jijiya ce ta harba. Maryama ba ta yi musu da shi ba, sai ta juya tambayar, ta ce in ya fi son a bar shi a asibiti ya ɗaga. Yatsa bai motsa ba. Ta sake ta farko, ya ɗaga. Aka kira likita ya yi nasa gwajin da tambayoyi iri-iri, ya tabbatar mutumin yana ji kuma yana fahimta. Ashe tun kwana biyu da suka wuce Maryama ta lura yatsan na motsi duk lokacin da ta ambaci Inna, ta rasa wanda za ta gaya wa, saboda malaman biyu da ke ɗakin sun riga sun gama fatawa. Mas'alar wanda ya suma, wadda muka kusa ba hammata iska a kanta, ba tasa ba ce ko kaɗan. Bakur ya zauna a bakin gado ya rufe fuskarsa da ƙyallen kansa, Maryama kuma ta sa hannu a takarda.

Mutum ɗaya aka yarda ya raka shi, ita kuma ba ta da halin shiga zafin nan, sai ta ce ni in je. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini, cewa in riƙa yi masa magana. Haka muka shiga Arfa washegari a motar asibiti, shi kwance cikin haraminsa da robar ruwa a hannu, ni a tsugune a gefensa. Na riƙa gaya masa inda muke: ga wurin da muka saba tsayawa muna kiran alhazan Katsina, ga inda wata tsohuwa ta taɓa riƙe masa riga ta ce sai ya nemo mata ɗanta. Ina yin talbiya, yatsan yana ɗagawa a ƙarshen kowane zagaye. Da na ambaci sunan Inna Dije a addu'a hawaye ya gangaro masa ta gefen ido zuwa kunne, na goge. Da yake a wurinmu sai an riski wani ɗan lokaci bayan faɗuwar rana a cikin iyaka, na roƙi direba ya dakata, ya dakata. Jifa ni na yi masa. Ɗawafi da sa'ayi kuma kafin wata ya ƙare muka tura shi a keken marasa lafiya, ni da Bakur muna karɓa-karɓa.

Ya rayu shekara ɗaya da wata biyu bayan haka. Magana ba ta dawo ba sai 'yan kalmomi, amma ya koyi rubutu da hagu, ya ga 'yarsa Hafsa ta fara rarrafe. Ranar da ya fara iya haɗa jimla, Maryama ta kira ni ta ce akwai saƙona. Na je ina tsammanin godiya, don har ga Allah ina ganin na yi ƙoƙari. Ya miƙo mini takarda da rubutu a karkace, kamar na ɗan aji ɗaya.

"Alƙali, kwana biyar kana shigowa. Ka gaida kowa. Ni ba ka yi mini sallama ba."

A ƙasa ya ƙara da cewa ya ji zancen jikin kawai ake buƙata, kuma hujjar ta yi kyau. Yana kallona ɓarin bakinsa mai lafiya yana murmushi. Na nemi gafararsa, ya ɗaga yatsa. Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu, ni ne na kasa ajiye ta.

Wata rana na tambaye shi, tunda yanzu ya shiga inda su Malam Kokwanto suka yi ta hange daga nesa, wanne ne a cikinsu ya dace. Ya ɗauki kusan awa yana rubuta amsar. Ya ce a kwanakin nan biyar tunaninsa na nan garau, yana ba hannunsa umarni kamar mai kiran wanda ya yi nisa, babu amsa, har ya fara ganin Bafaranshen ya yi gaskiya da ya raba mutum biyu. Amma ƙishirwa da ciwon baya ba labarinsu ake kawo masa ba, shi ne ke jin su, saboda haka rabuwar ba ta kai yadda aka faɗa ba. Game da ranar da yatsa ya amsa kuwa, ya ce abin da ya yi daidai yake da abin da ya yi ta yi sau dubu kafin nan, bai san me ya bambanta ba. Ya ce in gaya wa mai duba aikinsa cewa tambayar Gimbiya tana nan inda ta bar ta, kuma shi ba shi da raddi.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Malam Kokwanto ya taɓa cewa, in ji Sabi'u, ko an ƙera inji mai kama da mutum za a gane shi, don ba zai iya riƙe hira ba. Ga shi yanzu ɗalibai suna zaune a harabar masallaci suna hira da waya, tana ba su amsa da Larabci mai kyau har da Hausa. Kwanan baya wasu biyu suka same ni a shagon littattafan da nake zama a Rusaifa, suna so in raba musu gardama ko akwai wani a cikin na'urar. Na lura ɗayansu har sallama yake mata kafin ya yi tambaya. Na ce musu wannan ba fannina ba ne, wanda ya san shi ya rasu. Na tabbata da Sabi'u ne zai ja kujera ya raɗa wa na'urar suna, ya hana su tafiya sai magariba. Ina kuma jin zai tambaye su yaushe rabonsu da zuwa duba mara lafiya, da kuma wa suka fara gaisarwa da suka shiga.

Kundin binciken bai kammalu ba. Yana cikin kabad a gidan Maryama, babi huɗu da rabi, kowane babi an bar shafin raddi fari. Ba a kira shi dakta ba, babu littafi da sunansa, kuma ɗaliban da suka zauna a gabansa sun watsu, wasu a Zariya, wasu a Yamai. Hafsa tana da shekara goma yanzu, Larabci ya fi Hausa yawa a bakinta, ba ta tuna fuskarsa. Uwarta ta gaya mata cewa babanta ya yi wa kakarta Hajji da yatsa ɗaya, kuma takan faɗa wa ƙawayenta haka. Ko an karɓa, wannan na Allah ne, ni dai iyakar abin da fiƙihuna ya sani shi ne rukunai sun cika. Bakur kuwa tun daga shekarar duk Alhamis yana zagaya ɗakunan asibiti, wani lokaci mu haɗu a can. Ba mu taɓa yin zancen dalili ba. In muka shiga ɗaki, ko an ce mana majinyacin ba ya ji, wajen kansa muke fara zuwa mu yi sallama, mu faɗi sunanmu, mu gaya masa ranar da ake ciki, sannan mu juya ga 'yan uwa.

Takardar nan da ya fara rubuta mini tana cikin aljihun da nake ajiye iƙamata, wato katin izinin zama, ta tsufa har ta fara rabewa ta inda na ninke. A nan Makka ba a rubuta suna a kabari, kuma bayan shekara tara ba zan iya nuna muku daidai inda aka sa shi ba. Nakan dai je maƙabartar in an shiga Safar, in tsaya ta ɓangaren da nake zato, in yi wa mutanen wurin sallama baki ɗaya kamar yadda aka koya mana, in roƙa masa rahama shi da Inna Dije. Sannan in kira sunansa in yi masa tasa shi kaɗai, in gaya masa ranar da ake ciki, in ɗan jira kafin in tafi.